Injiniya ɗaya ya ce lafiya lau, ɗaya ya ce a kashe: kira ga masu gidajen haya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida in yi magana da 'yan'uwana masu gidajen haya, da kuma bayin Allah da ke zaune a cikinsu. Ni tsohon malamin makaranta ne, shekara 35 na yi ina koyarwa kafin in ajiye alli. Da kuɗin sallamata na gina ɗakuna takwas a Pantami, nan cikin garin Gombe, kuma da hayarsu nake cefane har yau. Na faɗi haka tun da wuri don kada wani ya ɗauka ɗan haya ne ya zo huce haushinsa a kan masu gida. Abin da zan faɗa, ni ya fara kamawa.

'Yata ta biyu ma'aikaciyar jinya ce a Manchesta, can Ingila. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata. Haya suke yi ita da mijinta da ɗansu mai shekara huɗu. A can gas ta bututun ƙarƙashin ƙasa yake shiga gida, kamar yadda ruwan famfo ke zuwa mana, ya tarar da wata na'ura a jikin bango wadda ba ta kai ƙaramin firji ba, ana ce mata boila. Ita ke ƙona gas ɗin ta dafa ruwa, ruwan ya bi bututu ya zagaya wasu farantan ƙarfe da ke manne a bangon kowane ɗaki, gida ya yi ɗumi, a kuma samu na wanka. Hayaƙin da ta ƙona kuwa yana da nasa bututun da ke fitar da shi waje. Tasu boilar tana cikin wani ɗan kabad a saman bene, jikin ɗakin da jikana yake kwana, bututun hayaƙinta ya huda silin ya fita ta rufi.

Dokar ƙasar, wadda aka yi a 1998, ta ɗora wa mai gida nauyin kawo injiniya ya duba kayan gas da bututun hayaƙi duk wata 12. Idan an duba, a ba ɗan haya takardar sakamako cikin kwana 28, sabon ɗan haya kuwa a ba shi tun kafin ya tare. Ba kuma duk mai sifana ne zai taɓa ba, sai wanda sunansa ke cikin rajistar da ake kira Gas Safe, wadda ta gaji tsohuwar rajista mai suna CORGI a 2009. Kowane ɗayansu yana yawo da katin shaida mai hotonsa da lambarsa, a bayan katin an jera irin aikin da aka yarje masa ya yi.

To, da sanyi ya fara shigowa bara, dillalin gidan ya turo nasu injiniyan. Ta dawo daga aikin dare ke nan, ido duk barci. Ta haɗa masa shayi, kafin shayin ya huce har ya gama ya kama hanya. Da yamma takarda ta iso: komai lafiya lau.

Bayan mako uku ciwon kai ya sa ta gaba. Kullum da shi take tashi. Yaron ma ya riƙa tashi da kasala, wata rana har da amai, amma da an kai shi makaranta sai ya ware ya shiga wasa. Mijin, da yake fita yake tun asuba ba ya dawowa sai dare, bai ji komai ba. Da farko ta ɗora wa aikin dare, daga baya ta ɗora wa mura. Allah da ikonsa, aikinta ne ya taimake ta, domin ta lura cewa ciwon nan ba ya bin ta asibiti, a gida yake jiran ta. Ta tashi ta duba 'yar na'urar ƙararrawa da ke bango, wadda ya kamata ta yi ƙara idan iskar guba ta taru. Tun Oktoban 2022 doka ta wajabta wa masu gidajen haya a Ingila su sanya ta a ɗakin da boila take. Tasu tana nan a maƙale, amma wa'adin da aka rubuta a jikinta ya daɗe da wucewa. Nan take ta kashe boilar, ta buɗe tagogi cikin wannan sanyi, ta kai yaron aka duba shi, washegari ta kira wani injiniyan da kuɗinta.

Shi wannan na biyun ya fi awa guda a gidan. Ya zura na'urar awo, ya rubuta abin da ta nuna, sannan ya nemi tsani ya hau cikin silin da tocila a hannu. Da ya sauko sai ya miƙa mata wayarsa. Ga hoton mahaɗar bututun hayaƙi ta zame daga mazauninta, ga baƙin tabo ya zagaye wurin. Ya ce wannan haɗari ne na yanzu-yanzu, ya nemi izininta ya cire boilar daga layin gas, ya manna mata takardar gargaɗi cewa kada wanda ya kunna. Ya ƙara da cewa boilar ma ta tsufa, gara a sake sabuwa ɗungurungum, har ya faɗi farashi. Da labari ya kai wa dillali sai ya ce sam, nasu injiniyan ya duba mako uku da suka wuce, takarda na nan, wancan kasuwa yake nema, za su turo mutuminsu ya mayar.

A daren ne ta kira ni. Na dawo daga sallar Isha ke nan, su can ba a jima da yin tasu ba, da yake lokacin sanyi muna gabansu da awa ɗaya. Na gan ta a waya sanye da rigar sanyi har da hula, a cikin falonta, jikana yana naɗe cikin bargo a gefenta. Ta ce, “Baba, mutum biyu ne, kowa da katinsa, kowa da takardarsa. Wa zan yarda da shi?”

Abin da na ce mata har yau yana damuna. Ban amsa mata a matsayin uba ba, mai gidan haya ne ya yi magana da bakina. Na ce, “Uwata, ki yi hattara da masu gyara. Kin san halinsu, ka kai mota a canza fulogi su ce inji ne. Tunda na farko ya sa hannu, ki bi a hankali, kada ki ɓata da mai gidan da kuke haya a ƙasar mutane.”

Ta yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ta ce, “Baba, ai na farkon bai hau silin ba.”

Ban runtsa ba a daren nan. Na yi ta juya maganar, sai na ga ashe lissafin da na yi shekaru ina koya wa yara ne ya kuɓuce mini. Ni na ɗauka shaidu biyu ne suka yi karo, ɗaya ya ce fari ɗaya ya ce baƙi, sai a duba wanda ya fi kama da mai gaskiya. Ashe ba haka ba ne. Ɗaya cewa ya yi ya gani, ga hoto. Ɗayan bai ce ya duba bai gani ba, bai ma je wurin ba. Ko a gaban alƙali, wanda bai halarci wuri ba ai ba ya rushe shaidar wanda ya gani da idonsa. Sannan na auna asarar kowane ɓangare. Idan na biyun ne ya yi kuskure, abin da za su rasa shi ne ɗumin 'yan kwanaki da wasu kuɗi. Idan kuwa na farkon ne, to waya za a bugo mini a ce in yi haƙuri. Ina idar da sallar Asuba na kira ta, na ce ta yafe mini, kada ta bari kowa ya kunna.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan iska, domin ita ce kan maganar. Sunanta kabon monoksaid. Tana samuwa duk lokacin da wani makamashi ya ƙone bai samu isasshiyar iska ba, gas ne, fetur ne, kananzir, gawayi ko itace. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Idan ta shiga huhu, jini ya fi kama ta sau fiye da 200 a kan iskar da ke raya mu, sai ta mamaye wurin, jiki ya riƙa shaƙewa alhali mutum yana numfashi. Alamunta kuma irin waɗanda muka saba rainawa ne: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. A nan garin wa zai ji waɗannan bai ce zazzaɓin cizon sauro ba ne ko taifot? Wanda yake farke yana iya fita ya sha iska ya ji sauƙi. Mai barci kuwa daga barcin yake zarcewa.

Yadda ta ƙare: ta rubuta wa dillalin wasiƙa, ta haɗa da hotunan da lambar katin injiniya na biyu, ta ce idan ba a gyara ba za ta kai kuka ga masu rajistar, waɗanda ke da ikon turo nasu mai bincike. Sai ga mai gidan da kansa ya turo na uku. Wannan karon ta karɓi katinsa a bakin ƙofa ta duba lambar a intanet, kuma ta tsaya a gindin tsani har ya sauko. Ya tabbatar bututun ya zame. Amma ya ce boilar kanta da sauran ƙarfinta, ba ta buƙatar canji. Aka sa sabon bututu, aka ɗaure shi da ƙarfe, aka kawo sabuwar ƙararrawa, ya sake awo ya nuna mata lambobin da idonta. Kwana shida suka yi cikin sanyi. Tun daga nan ciwon kai ya ɗauke.

Wato na biyun ya yi gaskiya a kan haɗari, ya zarce a kan ciniki. Zargin da na yi ba gaba ɗaya ne ya tashi a banza ba, sai dai na cakuɗa abubuwa biyu da bai kamata a haɗa ba. “Akwai haɗari” magana ce ta rai, ana aiki da ita nan take, ko daga bakin wanda ba ka yarda da shi ba ta fito. “Sai an sayi sabuwa” magana ce ta aljihu, tana iya jira a ji ta bakin na uku da na huɗu. Mu kuwa da zarar mun ji ƙamshin ciniki a bakin mai gyara sai mu watsar da maganarsa duka, har da ɓangaren da zai cece mu.

Su ma Turawan ba da wayonsu suka tashi da waɗannan dokoki ba. A 1968, a wani dogon bene mai hawa 22 da ake kira Ronan Point a gabashin Landan, wata mata ta ƙyasta ashana za ta dafa shayi da sassafe, gas ya fashe, kusurwar ginin ta rufta, mutum huɗu suka mutu. Bayan shekara biyu aka kafa rajistar masu aikin gas ta farko. Sai da aka yi jana'iza aka yi doka.

Na san mai karatu zai ce, to Malam, mu ina ruwanmu da boila a Gombe, garin da zafi ke hana barci? Gaskiya ne, ba mu da ita. Amma muna da 'yan'uwanta uku, kuma dukansu a cikin ɗakin kwana muke ajiye su: tukunyar gas, janareta, da kaskon gawayi idan hunturu ya kankama. Kananzir ya fi ƙarfin talaka, mata suka koma gas. Gas ya yi tsada, a koma gawayi. Yawancin gidajen haya na Pantami da Bolari da Jekadafari da Tudun Wada, idan ka leƙa, za ka tarar da biyu daga cikin ukun nan a ɗaki guda, ga katifa, ga jariri. Sau nawa muke jin an wayi gari an fasa ƙofa an tarar da iyali guda babu mai motsi, a ce abincin dare ne, wani ya ce sammu, wani ya ce iskokai, alhali janareta na nan a lungu man cikinsa ya ƙare?

A cikin gidana akwai wata dattijuwa, Goggo muke ce mata, ɗakinta na jikin na wani yaro mai tuƙa Keke Napep da amaryarsa. Ta fi wata tana ce mini, “Malam, ina jin wani wari da dare.” Ni kuma ina ce mata kwata ce, za a yashe. Da abin 'yata ya faru, maganar Goggo ce ta fara faɗo mini. Na je na sa yaron ya ɗauki tukunyarsu, mai kilo 6, ya kai wa wanda yake yi musu ɗuri. Ya dawo ya ce an ce lafiyarta ƙalau, ai dole a ji ɗan wari bayan ɗuri. Na ce ya kai wa wani mai gyaran murhu a kasuwa. Shi kuma ya ce wannan bam ce, a jefar, ga sababbi yana sayarwa. Yaron ya tsaya a gabana da tukunya a hannu, ya ce, “Baba, wannan yana son in ci gaba da sayen gas a wurinsa, wancan yana son in sayi tukunya. Wanne zan ɗauka?” Tambayar 'yata ce sak, ta biyo ni har gida.

Na ce ba za mu ɗauki na kowa ba sai mun gani. Muka fitar da ita tsakar gida ƙarƙashin dogonyaro, na hana kowa kunna wuta. Amarya ta kawo ruwa a kwano ta zuba omo ta kaɗa ya yi kumfa. Na tsoma soso na shafa a wuyan tukunyar, inda kai yake zama. Ba a yi ƙiftawa uku ba sai ga ƙwayar kumfa tana kumbura, ta fashe, wata ta taso, ta fashe, ba tsayawa, kamar maƙogwaron kwaɗo. Na lanƙwasa tiyon da ke zuwa murhu, duk ya tsattsage kamar diddigen manomi, bakinsa kuma da tsohuwar robar tayar keke aka ɗaure. Muka karkata ta muka duba gindi, fenti sabo fil, amma da na danna da yatsa sai ɓawon tsatsa ya zubo. Na goge marikinta da tsumma har rubutun da aka buga a ƙarfen ya fito: 2003. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, wato SON, ta ce shekara 15 ne iyakar rayuwar tukunyar gas, kuma duk shekara biyar a sake gwada ta. Wannan ta girmi auren iyayen wasu yaran gidan. A hannu ya saye ta lokacin haɗa kayan ɗaki, an yi mata wanka da fenti.

Amarya ta dafa kirji ta ce, “Innalillahi, a gefenta nake shimfiɗa wa yaro.”

Nan ne wurin da ya fi ba ni tsoro. Gas ɗin girki ba kamar waccan iskar ba ne, shi yana da wari, kuma da gangan ake zuba masa warin don hanci ya gane. Amma ya fi iska nauyi. Idan ya tsiyaya ba sama yake yi ba, ƙasa yake kwanciya ya taru kamar ruwa a kwari, daidai inda muke shimfiɗa tabarma. Abin da yake jira kawai ƙyas ɗaya, ashana ce ko makunnin lantarki. Wanda ya ji wari kada ya taɓa makunni, kada ya haska ashana don ya duba, ya rufe kan tukunyar, ya buɗe ƙofa da taga, ya fitar da ita fili. Harshen wutar murhu kuma shuɗi ya kamata ya zama. Idan ya koma ja ko rawaya yana baƙanta gindin tukunyar miya, gas ɗin ba ya ƙonewa daidai, kuma daga nan waccan iskar mai kisan mummuƙe take fitowa.

Mai gyaran murhu ya yi gaskiya, ko da kuwa ciniki yake nema. Ba a wurinsa muka saya ba, don mun samu mai sauƙi a wani shagon, kuma mun duba shekarar kafin mu biya. Na cire rabin kuɗin daga hayar yaron.

Wani abokina, shi ma mai gidajen haya ne, da na ba shi labari sai ya ce na ɗora wa kaina abin da ba nawa ba. A Ingila boila ta mai gida ce, dole ya kula da kayansa. A nan tukunya ta ɗan haya ce, janareta nasa ne, kasko nasa ne, ina ruwan mai gida? Maganarsa da ƙamshin gaskiya, kuma na ɗan jima ina riƙe da ita. Amma da na zagaya gidana da idon basira sai na kasa. Wa ya gina ɗaki takwas da madafa ɗaya, har mata suka koma girki a ɗaka don gudun faɗa? Ni ne. Wa ya ƙara ɗaki biyu a baya, katangarsu ta toshe tagar na gaba? Ni ne. Wa ya ƙi tanadar wurin janareta mai tsaro, har masu shi suke shigar da shi lungu tsakanin ɗakuna don tsoron ɓarayi? Tukunyar tasu ce, amma ɗakin da iska ba ta ratsawa nawa ne, kuma duk shekara nake karɓar kuɗinsa. Idan wuta ta tashi ba za ta tambayi rasit ba kafin ta tsallaka ɗakin Goggo.

Abin da nake roƙo, Malam Edita, ba wai a kwaso dokar Ingila a juye mana ba. Ina ma tsoron a ce an yi doka, ta zama wata sabuwar takarda da za a riƙa saya a ofis ba tare da kowa ya taka ƙafa cikin gidan ba. Ai takarda mai kyau ce aka ba 'yata, bututu yana zame a saman kan ɗanta. Ba takardar ce ta cece su ba. Abin da ya yi aiki shi ne a jikinta akwai sunan mutum da lambarsa, ɗan haya yana da damar kiran wani ya sake dubawa, sannan akwai inda za a kai ƙara a saurara. Mu nan ko ɗaya ba mu da shi. Hukumar NMDPRA mai kula da harkar mai da gas, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, tana ba da lasisin tashoshin gas. SON tana da ƙa'idar tukwane. Amma yaron da ke zuwa gida da sifana a aljihu ya haɗa maka murhu, wa ya koya masa, wa ya san sunansa, ina za a same shi idan ta ɓaci?

Muna da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a nan Gombe, muna da makarantun koyon sana'a, muna da 'yan kwana-kwana. Me zai hana a haɗa hannu a horar da matasan nan da ke wannan aiki, a ba kowa kati mai lamba, a ajiye rajista inda kowa zai iya tambaya? Aiki ne ga yaranmu, kwanciyar hankali ne ga iyayensu. Majalisar dokokin jiha tana iya sa wa masu gidajen haya sharaɗin madafa mai iska da wurin janareta a waje. Masu ɗurin gas kuma, don Allah ku riƙa duba shekara, ku ƙi cika tukunyar da ta wuce wa'adi ko da mai ita zai yi fushi ya tafi wani wuri. Kada kuma ku cika ta maƙil don a ce kuna da hannu, ana barin sarari a sama ne saboda gas yana buɗewa idan ya ji zafi, zafin Maris da Afrilu na garin nan kuwa kowa ya san shi.

Ga malamanmu ma ina da roƙo. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana a bar wuta a gida lokacin da za a kwanta barci. Huɗuba ɗaya a farkon hunturu a kan kaskon gawayi a ɗaki mai rufaffiyar taga za ta isa inda takardar gwamnati ba ta isa. Na sha jin ana cewa ai kwana idan ya ƙare ya ƙare. Na yi imani da haka. Amma wanda ya koya mana imani da ƙaddara shi ne ya ce a kashe wutar.

Iyayen da 'ya'yansu ke tafiya Birtaniya karatu ko aikin jinya, kuma suna da yawa yanzu, ku ce musu kada su karɓi makullin gida sai sun ga takardar binciken gas ta wannan shekarar. Ranar da injiniya zai zo su nemi katinsa, su juya bayansa su karanta, su tsaya a kansa. Tambaya uku 'yata ta koya mini, da su nake aiki yanzu ko da makanike ne ko mai gyaran wuta: me ka duba, nuna mini, rubuta ka sa hannu. Na lura mai gaskiya ba ya jin haushinsu.

Na je na ba Goggo haƙuri. Ta ce ba komai, dama ta san hancinta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ɗakuna shida na bi da kwanon kumfa, na samu tiyo biyu da suka mutu aka canza. Tagar da na toshe, magini ya huda wata ta gefen titi. Saura maganar janareta. Ɗaya daga cikin 'yan hayar, tela ne, ya ce ba zai fitar da nasa waje ba sai ya ga inda zai kulle shi, domin an taɓa ɗauke masa wani, kuma ban ga laifinsa ba. Na yi magana da mai walda zai zo ranar Asabar ya auna kejin ƙarfe a bayan gida, nesa da tagogi. Kafin nan mun yi da telan ba zai tayar da shi ba bayan Magariba. Uwata kuma ta ce ta sayi ƙararrawa huɗu, tana jiran mai zuwa gida ta ba shi saƙo.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Unguwar Pantami, Gombe.